Ɗan Zango a Makarantar Katolika

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ya fito, kwamfutar gwamnati kuma ta rarraba yara zuwa manyan makarantun sakandare, akwai wata muhawara da ke tashi a gidajen Aboabo da Asawase da Sawaba da Akorem. Yarinya ta ci jarrabawa da kyau, an tura ta St. Louis da ke Oduom. Yaro ya yi zarra, sunansa ya fito a Opoku Ware da ke Santasi. Gida ya cika da guɗa, maƙwabta na ta shigowa barka. Kafin murna ta lafa sai wani kawu ko wata gwaggo ta fito da abin da ke cin ran kowa: to, sallarta fa? Azuminsa fa? Makarantun nan biyu na cocin Katolika ne, kuma na kwana ne. Wanda ya shiga zai yi shekara uku ƙararrawa ce ke tashinsa daga barci, ba kiran assalatu ba.

Tambayar tana da nauyi a nan fiye da sauran sassan Kumasi. Asokore Mampong ƙaramar hukuma ce da aka yanko daga birnin a 2012, ta ƙunshi da yawa daga cikin manyan unguwannin zango. Ƙidayar 2010 ta nuna Musulmi sun haura rabin mutanenta, abin da ba kasafai ake gani ba a kudancin Gana, ƙasar da ƙidayar 2021 ta ce Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kuma kusan kashi 20. Hausa ce harshen kasuwa da na masallaci, ko mutum Bazabarme ne, ko Badagombe, ko Bafulatani, ko ɗan Moshi. Babban masallacin Kumasi ma a Asawase yake. Amma idan aka zo lissafin makarantun da suka yi suna a birnin, sai ka tarar mafi yawansu coci ne ya kafa. Prempeh College ta 'yan Methodist da Presbyterian ce. Kumasi Academy da ke cikin Asokore Mampong ɗin kanta, 'yan Baptist ne suka aza harsashinta. Saboda haka uban da ɗansa ke da ƙwaƙwalwa ba shi da hanyar kauce wa wannan tambaya.

Ra'ayina shi ne a tura su. Amma ina da sharaɗi a kan cocin, ina kuma da wanda ya fi shi nauyi a kanmu mu mutanen zango.

Musulmi sun riga Fada, wato limamin Katolika, zuwa Kumasi da nisa. Lokacin da Baturen nan Bowdich ya shigo birnin a 1817, ya tarar da malamai a fadar Asantehene Osei Bonsu, sarkin Asante, suna rubuta wasiƙu da layu. Fataken Kano da Katsina kuwa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, suna sayen goron Tonawa, wato mutanen Asante, a kasuwar Salaga. Basasar Salaga ta 1892, da shigar Ingilishi Kumasi a 1896, da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, su ne suka karkato da ayari zuwa cikin kurmi, har zangon Kumasi ya cika ya batse. A daidai waɗannan shekaru ne Katolika ma ke neman wurin zama. Fada Auguste Moreau da Fada Eugène Murat sun sauka Elmina a 1880, bayan shekara biyu Moreau ya zo Kumasi ya gana da Asantehene Mensa Bonsu, amma cocin bai kafu sosai ba sai bayan da Turawa suka ci ƙasar. Babbar majami'ar St. Peter da ke kan tudun Roman Hill tana kallon babbar kasuwa da tsohon zango. Da Fada da malam duk baƙi ne a ƙasar Tonawa, tare suka yi kaka-gida, kusan a unguwa ɗaya. Sai dai kowa ya buɗe makarantarsa, kuma makarantun ba su kai 'ya'yansu wuri ɗaya ba.

Kakanninmu sun ƙi kai yara makarantar mishan, kuma ba don duhun kai suka ƙi ba. A wancan zamani makarantar hanya ce ta shigar da yara coci, masu ita ma ba su ɓoye ba. Ana koyar da katikizim tare da ABCD, yaro ya shiga da suna ɗaya ya fito da wani. Mutanen da suka ƙi ɗin kuwa masu ilmi ne. Ƙasar nan ce ta ga Alhaji Umaru na Karki, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934 ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce cikin Larabci da ajami. A Kumasi ne Malam Abdullahi Ɗantano ya karantar da Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, babban limamin Gana. Sun tsare addininsu, Allah ya saka musu. Amma an biya farashi mai tsada. Da aka sami 'yancin kai a 1957, ofis da asibiti da kotu duk takardar boko suke tambaya, sai aka bar ɗan zango da gadi da dako da tuƙi da fawa. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta ƙara nuna wa mutanenmu abin da rashin takarda da rashin wakili a ofis ke jawowa. Ahmadiyya sun buɗe sakandarensu a Kumasi tun 1950, amma saɓanin aƙida ya sa da yawa daga mutanen zango suka yi baya-baya da ita. Sai daga baya makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci suka yaɗu, har gwamnati ta kafa Sashen Ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa a 1987. Tazarar da ke tsakani ta fi shekara talatin, kuma har yau muna cikin biyan bashinta.

Opoku Ware da St. Louis duk a 1952 aka buɗe su, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. Mai karatu a Kano zai gane sunan ta biyun, domin ƙungiyar sistocin St. Louis ɗin nan da ta zo Gana a 1947 ita ce ta isa Kano a 1948, ita ce mai makarantar 'yan mata da ke Bompai, inda 'ya'yan Musulmi da yawa suka yi karatu. Opoku Ware kuwa sunan wani babban sarkin Asante aka sa mata, ta ci gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa a 1997 da 2002, ta fitar da likitoci da injiniyoyi da alƙalai da ba su ƙirguwa.

Wanda bai taɓa shiga makarantar Katolika ta kwana ba zai ɗauka addini darasi ne guda a cikin jadawali. Ba haka abin yake ba. Addinin a saƙe yake cikin yinin gaba ɗaya. Ana tashi gari bai waye ba, a yi shara, a yi wanka, a taru a yi addu'ar safe. Akwai gicciye a bangon aji, akwai mutum-mutumin Maryamu a wani lungu da aka ƙawata da furanni. Da tsakar rana akwai addu'ar tunawa da bisharar da mala'ika ya kawo mata. Ba a taɓa abinci sai an yi addu'a, ba a tashi sai an yi godiya. Watan Oktoba na jan carbi ne. Ranar Lahadi sujada ce ta makaranta duka, da mawaƙa da ganguna, ga Fada mai kula da tarbiyyar ɗalibai a gaba. A wurin cocin, ilmi da tsoron Allah ba sa rabuwa, kuma malami aikinsa gina mutum ne, ba cusa masa amsar jarrabawa kaɗai ba.

To, ai wannan shi ne ainihin abin da malamin zaure a Aboabo ya yarda da shi. Nan ne sirrin da ya sa Alhajin da ba zai taɓa taka ƙofar coci ba yake sakin jiki ya miƙa wa Sista 'yarsa. Ya san ba za a bar ta ta yi yawon banza ba. Ya san akwai lokacin barci da lokacin karatu, akwai ladabi ga na gaba, akwai wanda zai tsawata. Za ka ji iyaye na cewa gara a kai yaro hannun wanda ya san akwai hisabi. Mai addini yakan gane mai addini ko da alƙiblarsu ta bambanta.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar sakamako, wato zaman tare. A ɗakin kwana ana cakuɗa yara ne ba tare da duban gari ko addini ba. Ɗiyar mai sayar da koko da ƙosai a Sawaba tana gadon sama, ɗiyar babban lauya tana na ƙasa, tufafinsu iri ɗaya, tsintsiyarsu iri ɗaya, horonsu iri ɗaya. Yaron da ya tashi bai san kowa ba sai 'yan layinsu zai fito da abokai daga Volta da Navrongo da Sekondi, harshensa ya goge da Turanci da Tuwi. Ranar babbar salla za ka gan su sun biyo shi gida cin nama, Mma na ta zuba musu tuwo tana kiransu 'ya'yana. Bayan shekara ashirin, ɗaya a cikinsu ne zai ɗaga waya ya ce a duba takardun wane, tare muka yi makaranta. Mutanen Gana sukan ce makarantun kwana na cikin abin da ya hana ƙasarsu faɗawa rikicin addini da na ƙabila, kuma na yarda da su. Ranar da Shehu Sharubutu ya shiga majami'ar Christ the King a Ankara, babban birnin ƙasar, lokacin bikin Ista na 2019, yana cika shekara ɗari a duniya, hotonsa ya zaga duniya ana mamaki. A Gana da yawa ba su yi mamaki ba, domin gidajen da suka haɗa Musulmi da Kirista ba su da iyaka. Kadinal Peter Turkson da kansa ya sha faɗin cewa yana da kawu Musulmi.

Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Ka leƙa ɗakin uwa a daren da ake haɗa kayan tafiya. Ga adakar ƙarfe an rubuta sunan yarinya da fenti, ga akwatin katako na guzuri: garin rogo, sukari, madarar gwangwani, Milo, kifin gwangwani, kwalbar shito da aka kwana ana soyawa. Takardar makaranta ta lissafa komai, har yawan zanen gado da launin takalmi. Ba ta ambaci darduma ba, ba ta ambaci hijabi ba. Uwar za ta ninke ƙaramar darduma ta tura ta can ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwa, ta ɗora carbi a kai, ta ce, 'yata, duk inda kika sami wuri ki yi sallarki, kada ki yi faɗa da kowa. Ita kanta ba ta san ko abin da ta saka ɗin halal ne a dokar makarantar ko laifi ba. Wannan rashin sanin shi ne ciwon.

Domin a gaskiya abin ya danganta ne da wanda ke riƙe da makaranta. Wani shugaban zai ba yaran Musulmi aji guda su yi salla, ya sa a ajiye musu abincin sahur, ba tare da an roƙe shi sau biyu ba. Wani kuma zai ce doka ɗaya ce ga kowa, sai yara su koma yin salla a ɓoye tsakanin gadaje, ɗaya na gadin ƙofa. Azumi ya fi komai fito da matsalar fili. Zuwa ɗakin cin abinci wajibi ne a makarantar kwana, madafa kuma ba ta aiki da ƙarfe huɗu na asuba. Mai azumi sai ya jiƙa gari da sukari a kofi, cikin duhu, da ɗan hasken tocila, ya sha ya kwanta, da rana kuma ya je ya zauna gaban farantin da ba zai taɓa ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya koyi cewa ibadarsa abin ɓoyewa ce, ko dai ya sake ta, ko ya riƙe ta da ɗacin rai. Duka biyun asara ce, ga iyayensa da ga makarantar.

A azumin 2021 ne maganar ta fashe a ƙasa baki ɗaya, bayan da makarantar 'yan mata ta Wesley Girls da ke Cape Coast, wadda ta Methodist ce, ta hana wata ɗaliba yin azumi, tana kafa hujja da lafiyar yara. Hukumar ilmi ta ba da umarni a ƙyale masu azumi, cocin Methodist ya ce bai amince ba, limaman Katolika da Majalisar Kiristocin Gana suka mara masa baya. Kafin nan ma, a 2015, Musulmi sun yi zanga-zangar lumana a Sekondi-Takoradi kan hijabi da tilasta wa yara shiga sujada. A Disamban 2024 wani lauya, Shafic Osman, ya kai ƙarar Wesley Girls Kotun Ƙoli, shari'ar da ta sake ɗumama ƙasar a ƙarshen 2025.

Ya kamata mu saurari hujjar cocin da kunnen basira, don ba ta banza ba ce. Suna cewa: mu muka nemi filin nan, mu muka gina da kuɗin baikon talakawanmu tun gwamnati ba ta da ko aji ɗaya a wurin. Tarbiyyar da kuke yabo, daga wannan addu'a da wannan ƙararrawa ta fito, ba za ku so 'ya'yan itace ku ce a sare saiwa ba. Idan kowace ƙungiya ta ware da lokacinta da tufafinta, haɗin kan da ke sa ɗan minista da ɗan lebura su zama ɗaya zai wargaje. Suna kuma da wani tsoro da ba su cika furtawa a gabanmu ba. Katolika sun kai kashi 15 cikin ɗari na mutanen Gana a 2000, a 2021 sun dawo kashi 10. Tun da aka fara rabon ɗalibai da kwamfuta a 2005, limamansu ke kukan cewa 'ya'yan cocin na rasa gurbi a makarantun da iyayensu suka gina. Suna jin abin na zamewa daga hannunsu.

Wanda ya san Kaduna ba zai raina wannan tsoro ba. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan a can, St. John's ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. An kawar da gardamar addini, amma tsofaffin ɗaliban makarantun, Musulminsu da Kiristansu, har yau suna jimamin yadda horo da kulawa suka ja baya. Ba na fatan haka ga Kumasi. Makarantar Katolika da aka cire wa Katolikancinta ba za ta amfani ɗan zango da komai ba.

Inda na rabu da su shi ne maganar nan ta cewa wanda bai yarda ba ya nemi wata makarantar. Da makarantar kuɗi ce zalla, da sai mu yi shiru. Amma gwamnati ce ke biyan albashin malaman, tun kuma Satumban 2017 da aka fara karatun sakandare kyauta ita ke ɗaukar nauyin ci da kwanan ɗalibai. Kuɗin nan akwai harajin mahaucin Aboabo a ciki, akwai na direban motar haya ta tirotiro. Dokar ilmi ta 1961 ta hana a ƙi karɓar yaro saboda addininsa ko na iyayensa, sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi. Sannan zaɓin da ake magana a kai, wane irin zaɓi ne? Makarantun sahun farko 'yan kaɗan ne, mafi yawansu na coci. Ka ce wa yarinyar da ta fi kowa maki a ajinta ta zaɓa tsakanin sallarta da burinta na zama likita, ba zaɓi ka ba ta ba.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, ba sai an je kotu ba kafin a sami hujja. Tana cikin koyarwar cocin kansa. A babban taron Vatikan na biyu, a 1965, cocin Katolika ya fitar da takardar Nostra Aetate, inda ya bayyana girmamawarsa ga Musulmi, ya kuma ambaci salla da sadaka da azumi a cikin abubuwan da yake yaba musu. A shekarar dai ya fitar da wata takardar da ta ce ba a tilasta wa mutum a sha'anin addini, ba a kuma hana shi bin abin da zuciyarsa ta gaskata. Ta yaya za a yabi azumin Musulmi a Rum, a hana shi a ɗakin kwanan yara? Katolika ma masu azumi ne, suna da kwana arba'in kafin Ista, a watan Maris na 2025 ma azumin biyu tare suka zo. Sistar da ke koyar da lissafi kanta a rufe yake. Kuma Kumasi ce garin Akbishop Peter Kwasi Sarpong, wanda ya jagoranci cocin birnin daga 1970 zuwa 2008, ya yi suna a duniya saboda shigar da ganguna da rawa da alamun sarautar Asante cikin sujada, a lokacin da wasu ke ganin haka saɓo ne. Cocin da ya sami wurin ajiye tamburan Asante a gaban bagadi ba zai rasa aji guda da za a shimfiɗa darduma ba.

Ga inda nake ganin iyakar take. Ɗan Musulmi ya sa tufafin makaranta, ya bi ƙararrawa, ya tsaya cikin ladabi a taron safe lokacin da ake addu'a, ya koyi abin da Kirista suka gaskata a darasin addini kamar yadda ɗan Kirista zai koyi namu. Wannan duk zaman gidan mutane ne, kuma baƙo ba ya sauya wa mai gida tsarin gidansa. Amma kada a sa shi durƙuso ko alamar gicciye, kada a sa shi furta abin da bai yi imani da shi ba, kada kuma a hana shi farillarsa. Cocin ya riga ya san wannan bambanci, domin ko ɗan Methodist da ke zaune a sujadar Katolika ba a ba shi jibin Ubangiji. Yana wurin, amma ba a ɗauke shi mai yin ibadar ba. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Ba hasumiya, ba lasifika. Asuba tana riga ƙararrawar farko, azahar da la'asar suna samuwa bayan tashi daga aji, magariba kafin abincin dare, lisha bayan karatun dare. Juma'a ce mai ɗan wuya, ita ma malami Musulmi guda a cikin ma'aikata ya isa ya tsaya a kai. A Dakar, a 2019, makarantar Sainte-Jeanne-d'Arc ta sistoci ta hana wasu 'yan mata shiga aji saboda lulluɓi, ƙasar ta ɗauki zafi, daga ƙarshe aka daidaita a kan ɗan kwali mai dacewa da tufafin makaranta. Makarantar ba ta daina zama ta Katolika ba.

Sai mu juyo gida, inda maganar ta fi zafi.

Yaron da shekara uku a hannun Fada za ta raba shi da salla, tun daga gida bai riƙe ta ba. Wanda ya yi makarantar allo da ta Islamiyya da gaske, ya san tsarki, ya san abin da yake faɗa a sallarsa, ya san akwai sura sukutum mai sunan Maryam a Alƙur'ani, ba zai firgita da ganin mutum-mutuminta ba, ba kuma zai zagi masu girmama ta ba. Tarihinmu bai hana karɓar ilmi daga wanda ba Musulmi ba: malaman sira sun ruwaito cewa fursunonin Badar da suka iya rubutu, fansarsu ita ce koyar da yaran Madina. Amma uba nawa ne a cikinmu ke zuwa taron iyaye da malamai? Nawa ne suka taɓa zama da shugaban makaranta a farkon zango, cikin mutunci, suka ce Fada, ga ɗana, ga abin da addininsa ke bukata? Sau da yawa ba a ganinmu sai rigima ta ɓarke, sannan mu cika rediyo da Facebook da hayaniya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana tana iya ƙoƙarinta, amma yara ba za su yi aikin iyaye ba.

Kuma abin da muke nema wa namu, wajibi ne mu bayar ga na wasu. Kwamfutar da ke tura Amina makarantar Sista ita ce ke tura Akosua makarantar Islamiyya. Shin tana samun zuwa cocinta ranar Lahadi ba tare da an harare ta ba? Shin ana tilasta mata abin da ba addininta ba? An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Kiristocin Najran sun yi ibadarsu a masallacinsa. Idan makarantunmu suka gaza a nan, bakinmu ya mutu a gaban limaman coci.

Sannan duk wannan muhawara ta 'yan tsiraru ce da suka kai bakin ƙofar. Mafi yawan yaran Aboabo da Sawaba ba sa kaiwa. Suna firamaren da aji ke cike maƙil, ruwan sama in ya sauka kwata ta cika ta shiga gidaje, yarinya na talla har dare, yaro na bin masu gwangwan ko yana jan keken pragya mai ƙafa uku tun bai gama ƙaramar sakandare ba. An kafa Asusun Raya Zango a 2017, amma ba asusun gwamnati ne zai duba littafin yaro da daddare ba. Muna da masu kuɗi, muna gina masallatai a kowane layi, muna kashe dukiya a biki da suna. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya nawa muka gina? Katolika ba da dukiyar attajirai suka kai inda suke ba, da sisi da kwabo na ranar Lahadi ne, da mutanen da suka ba da rayuwarsu kacokan ga aji. Kuma an ga alamar cewa za mu iya: makarantar Sakafiya ta Islamiyya, a nan cikin Asokore Mampong, ta ciyo kyautar Zayed a Abu Dhabi a farkon 2025 da aikin ɗalibanta na haɗa kiwon kifi da noman ganye. Irinta goma muke bukata, masu kyan da zai sa Batone Kirista ya rubuta sunansu a zaɓinsa na farko.

A 2024 Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa ta tara masu makarantun addini, na coci da na Musulmi, suka amince da wata yarjejeniya da ta taɓo azumi da wurin ibada da sutura. A kan azumi, ta ce a bar yara su yi, iyaye kuma su nemi izinin makaranta tun kafin wata ya kama. Ko me alƙalai za su ce a shari'ar Wesley Girls, wannan takarda ita ce abin da ke hannu, kuma mafi yawan iyaye a zango ba su taɓa jin labarinta ba. A fassara ta da Hausa da Tuwi. A maƙala ta a jikin takardar kayan da ake ba kowane sabon ɗalibi, kusa da lissafin zanen gado da bokiti. Limaman Juma'a na Asawase da Aboabo su karanta ta a kan mumbari a makon da ake rabon makarantu, Fada ma ya karanta wa nasa mutanen ranar Lahadi. Ofishin limamin jihar Ashanti da na Akbishop Gabriel Justice Yaw Anokye su ware mutum bibbiyu da uba zai iya kira idan an sami saɓani, tun maganar ba ta kai gidan rediyo ba.